A Bi Na Yaya

Tun ina ƙarama aka san ni da zargi. Inna takan ce ko kaza ce ta yi tari a tsakar gida sai na tambayi wanda ya aiko ta. Ban musa ba. Amma a wannan maganar ba haka kawai na kama zargin mutane ba. Baitoci ne suke ɓacewa daga cikin waƙa, baiti kuwa ba shi da ƙafa.

Waƙar ta kakana ce, mahaifin Inna. Malami ne a Gwandu, ya tsara doguwar waƙa da ajami a kan taurarin damina: wanda in ya fito ake shuka gero, wanda ake jin tsoron fari a cikinsa, da lokacin da kifi ke bin ruwa ya hau fadama. Har yau a wajen Maruda akwai tsofaffin da ke jan baiti ɗaya ko biyu daga cikinta, ba su ma san mai ita ba. Rubutacciyar tana hannun Kawu, yayan Inna, a Gwandu, cikin gafaka. Inna kuwa da aure ya kawo ta Kalgo, a ka take ɗauke da tata.

Kawu ɗan fari ne, kuma gidanmu gidan kunya ne irin ta Fulani. Kakana bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba. In zai aike shi sai ya ce a gaya wa wancan. Da ciwon ajali ya kama tsohon, a ɗakin Inna a Kalgo ya yi jinya. Aka aika wa Kawu, amma a tsakiyar damina ne, gulbi ya cika ya ci hanya. Kafin ya sami ƙetarewa an riga an kai tsohon makwancinsa. Tun daga ranar Kawu bai ƙara kwana a Kalgo ba. Zai zo suna, zai zo ta'aziyya, amma rana na karkatawa sai ya nemi takalmansa. Mu yara mun ɗauka rainin garinmu ne. Sai da na girma na gane kansa yake tuhuma, yana ganin uban ya tafi da fushinsa.

A 'yan shekarun da Kalgo ta sami ƙaramar hukumarta, Kawu ya yi ritaya daga aikin koyarwa, ya ce yana so a buga waƙar da boko ta zama littafi kafin ƙasa ta rufe masa ido. Ɗansa ya dawo daga jami'a da kwamfuta, wata fara mai ƙatuwar ƙeya, ya ba ta ɗaki guda har da mayafinta. Wannan ɗan nasa taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗiyar mace, kuma tun muna yara baiwa yake ce mini. Matsalar taubashi ita ce an ba shi lasisin faɗa maka komai yana dariya, kai kuma ba ka da ikon sanin inda wasa ya ƙare.

Aka raba aiki. Shi zai buga ta Gwandu daga ajamin Kawu. Ni, da yake na koyi bugun tafireta a kwalejin horon malamai, zan ɗauki ta Inna daga bakinta in buga. In an gama sai a gwada su a haɗa.

Ranar da aka fara, ni da Inna muka je Gwandu. Babu wuta, sai aka tayar da janareta a bakin taga, yana ta ɓaɓatu kamar injin niƙa. Taubashin ya zauna yana yi mana bayani yana hura hanci. Ya ce akwai wata manhaja a cikin injin wadda ba ta mantuwa, duk gyaran da aka yi wa rubutu tana riƙe na jiya da na yau. Sai dai ba ta aiki da hannunta, sai an ɗaukar mata 'yan aiki tun farko. Za a gaya mata abin da za ta riƙa buɗewa in za a yi rubutu, shi kuma ya zaɓi wanda ke iya fitar da haruffanmu masu ƙugiya. Za a gaya mata wanda zai riƙa jera kwafi biyu yana gwada su layi da layi. Na ƙarshen shi ne mai haɗawa, wanda zai mai da biyun su zama ɗaya. In an saita su sau ɗaya shi ke nan, kullum su za ta kira ba sai an sake magana ba.

Ina kallon yatsunsa, don ban yarda da mutumin da ke magana da baki yana wani aikin da hannu ba. Can ya waiwayo ya ce da Inna, "Gwaggo, in an iske saɓani tsakanin taki da ta Baba, wace za a bi?"

Inna ta gyara mayafi ta ce, "A bi na Yaya mana."

Kawu yana can gefe yana laluben takardu a cikin gafaka, bai ɗago ba. Taubashin ya ɗan dube shi, ya juya ya ƙwanƙwasa wani abu. Ni ban ɗauki maganar a bakin komai ba, kamar dai an ce sannu an amsa da yauwa. Aka kawo fura muka sha.

A Kalgo akwai wani shagon buga takardu da aka buɗe kusa da tasha, mai kwamfuta ɗaya. In na tashi daga makaranta sai in ɗauki Inna a kaset, in je shagon in saurara in buga, in zuba a ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu. Kaset ɗaya gare ni, in na buga abin da ke ciki sai in ɗora sabon karatu a kai. Ƙarshen mako in kai faifan Gwandu, taubashin ya zura shi a injinsa ya haɗa, ya mayar mini da haɗaɗɗen a kan faifan, ya ba ni bugu a takarda.

Da muka zo ƙarshen waƙar, inda kakana ya yi salati ya rufe, na kai hannu zan kashe rakoda. Inna ta riƙe mini hannu. Ta ja wasu baitoci da ban taɓa ji ba, a hankali, idonta a kan ƙofa. A kan Kawu ne. Tsohon ya yi su a kwance a wannan ɗakin, yana jiran ɗan da ruwa ya tsare, kuma babu ko ɗigon fushi a cikinsu. Ba a rubuta su ba, babu wanda ya ji sai ita.

Na ce, "Inna, shekara da shekaru Kawu na cin kanshi, ke kuwa kina da maganin abin?"

Ta ce, "Ƙaƙa zan dibi idon Yaya in hwaɗa mai wanga? Wanda yah haihe shi bai iya ba, sai ni? Ki sa su ga littahi, littahi shi hwaɗa mai. Amma ba bakina ba, ba bakinki ba. Kin ji ni?"

Na ji ta. Daga ranar littafin ya tashi daga na taurari a wurina, ya koma saƙo, ni kuma 'yar aike. Na buga baitocin ina share hawaye da bakin gyale, mai shagon yana satar kallona.

Na kai faifai, aka haɗa, na karɓi takardata. A mota na buɗe shafin ƙarshe. Salati, sai fili. Da na koma shagon na buɗe faifan, nan ma babu su.

Mai shagon na fara zarga, don shi ya ga ina kuka, kuma mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf. Na tsare shi da tambaya har ya rantse da abin da zai kashe shi. Ya ce wataƙila faifan ne ya sha zafi a jaka. Na sayi sabon faifai. Kaset ɗin kuwa na riga na ɗora wa'azi a kai, dole na koma wurin Inna na ce ta maimaita. Ta dube ni ta ce, "Halan wasa kike da abin mutane?" Amma ta maimaita. Wannan karon sai da na buɗe faifan na gani da idona kafin na fita daga shagon, na naɗe shi a tsumma kamar ƙwai.

Aka haɗa. Suka sake ɓacewa.

To, ruwa ba ya tsami banza. Na fara lura da taubashina. Na ga in zai haɗa sai ya ɗan karkata fuskar injin zuwa bango. Ya ce hasken taga ne ke kashe masa ido. Na ga abin ba ya ɗaukar lokaci, ƙwanƙwasa biyu ya ce an gama, alhali waƙar da ake kwashe hantsi ana ja ce. Da na ce masa kamar akwai abin da ya ragu, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Ke baiwa, tun yaushe ɗiyar mace ka gyara ma ɗan namiji karatu? Injin ga bai ƙarya." Na yi dariyar yaƙe, na maida masa da cewa da injin da mai shi duk ƙeya ce ta yi musu yawa. Amma na ajiye maganar a raina.

Abin da ya fi tayar mini da hankali daga bakin Kawu ya fito. Ya riƙe bugun yana murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi. Ki ce ma innarki ta yi riƙo. Ko harahi guda ba ta saɓa ma takarda ba."

Ni kuwa na san ƙarya ce, ko da ba shi ya yi ta ba. Da kunnena na ji wuraren da Inna ke cewa daban. Inda takarda ta ce gero, ita maiwa take cewa. Akwai baitin masunta da take ja wanda na tabbata babu shi a Gwandu. Na zauna na bi bugun daga farko har ƙarshe, na ga duk wani abu da yake na Inna an share shi tas, kamar an bi da tsintsiya. Nan zargina ya yi reshe. Na ce ko dai yaron ya karanta baitocin ya ga za su tayar wa ubansa da tsohon miki, shi ya sa ya share komai don kada a gane abin da ya nufa. Wata rana in ce a'a, girman kai ne, ba sa so a ce 'yan Kalgo sun san abin da 'yan Gwandu ba su sani ba. Har Kawu bai tsira ba. Na riƙa kallon fuskarsa ina cewa anya bai gani ba, ya sa aka cire don ba ya son tausayin ƙanwa? In ya tambaye ni jikin Inna sai in ji kamar da wata manufa. An ce zato zunubi, to ni a wannan daminar na kwashi rabona.

Ban iya fitowa fili ba, nan ne gizo ke saƙar. In na ce baitoci sun ɓace za a ce waɗanne, ni kuwa an ɗaure mini baki. Na yanke shawarar in sa Inna ta sake ja, in rubuta da hannuna a takarda, in tsaya a kan yaron har a buga. Ina ta juya yadda zan tunkare ta ba ta ci ni da faɗa ba, sai Allah ya yi nasa ikon. Wata safiya tana shanya tsaba ta yanke jiki ta faɗi. Da ta farfaɗo, ɓarin jikinta na dama ya tafi, magana ma ta tafi. Idonta na nan sarai, tana jin komai, amma in ta buɗe baki sai iska.

Na duba kaset, na tarar yaran gida sun ɗora waƙar biki a kai. Na zauna na yi ƙoƙarin tuno baitocin. Ma'anar tana nan, amma kalmomin sun watse. In na kamo kan layi sai wutsiyar ta kuɓuce. Ba zan sa wa mamaci magana a baki ba. Ga shi Kawu ya aiko cewa an sami mai buga littafi, bayan sallah za a kai. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na makon nan ba. Inna takan bi ni da ido in na shiga ɗakin, ni kuwa in kau da kai in kama gyaran shimfiɗa.

Ranar Asabar na shiga mota sai Gwandu. Na gaida Kawu a zaure a tsaitsaye, na wuce ɗakin injin. Taubashin ya buɗe baki zai fara, na ce, "Yau ba wasa nit taho yi ba. In ka ce mani baiwa sai na hwasa abin ga da taɓarya."

Ya rufe bakin.

Na ce, "Duk abin da Inna tac ce, ka share. Wa yas sa ka?"

Ya ce bai share komai ba. Na ce ƙarya yake. Ya rantse, na ce ko ɓarawo ma yana rantsuwa. Sai ya yaye mayafin injin, ya juyo da fuskarsa gare ni sosai, ya buɗe wani ɗan guntun rubutu da bai kai tafin hannu ba. Ya ce nan ne saitin. Ya sa yatsa a layi na farko, ga na rubutu. Na biyu, ga na gwadawa. A layi na uku ya tsaya. Ya ce mai haɗawar iri biyu ne. Akwai wanda in ya tarar da saɓani zai tsaya ya jera biyun ya jira a zaɓa. Akwai wanda ake gaya wa kwafin da ya fi ƙarfi, duk inda suka saɓa ya ɗauki wannan ya wuce, ba ya tambayar kowa. Shi na biyun ya sa, ya ba Gwandu ƙarfi.

"Don mi?" na ce.

"Gwaggo da bakinta tac ce a bi na Baba. Kina nan zaune."

Sai a nan na gano bakin zaren. A gidanmu, in za a gwada kwafi biyu na littafi, tun zamanin kakanni akwai yadda ake yi. Ƙarami zai ce a bi na babba. Babba zai ce a'a, a ji naka. Daga nan ne aikin ke farawa: ɗaya na karantawa ɗaya na bi da yatsa, duk inda aka saɓa a tsaya, a bar ɗaya a cikin layi a rubuta ɗayan a gefe. Ba a zubar da na kowa. Maganar Inna kara ce, irin wadda baƙo ke cewa ya ƙoshi alhali tun safe bai ci komai ba. Jira take yayanta ya mayar mata. Shi kuwa kunnensa ya yi nauyi, ga janareta a bakin taga, bai ma san an yi tambaya ba.

Na ce, "Kai ɗan gidan ga na kuwa? Wa yat taɓa ɗaukar wagga magana ya yi aiki da ita?"

Ya ce, "Na san kara ta. Na dibi Baba, nig ga bai ce komi ba, nic ce ya amsa."

Har gobe ban gama yarda da wannan amsar ba. Mai tsayawa ya yi tambaya aiki ne na kwanaki, mai wucewa kuwa ƙwanƙwasa biyu ne, taubashina kuma ba a taɓa kama shi da laifin son wahala ba. Amma ban tsaya jan wannan ba, don kuka ne ya zo mini. Na ce masa ya kashe mu, Inna ba ta magana, abin da ya share ba shi da wani mazauni a duniya.

Ya ce, "Na hwaɗa maku tun ranar hwarko ba ta mantuwa. Abin da kika kawo duk shina nan, ba ta dai hito da shi ba."

Ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, sai ga jerin duk faifan da na taɓa kawowa, kowanne da ranarsa. Ya buɗe na ƙarshe ya gangara ƙasa. Ga salati, ga baitocin a ƙarƙashinsa, yadda na buga su. Na ga leɓensa na motsi yana karantawa. Da ya kai ƙarshe ya koma farko. A nan na tabbata bai taɓa ganinsu ba, don fuskar da ya yi ba ta wasa ba ce, kuma bai iya ƙirƙirarta ba.

"Baba ya san da wanga?"

"Bai sani ba. Kuma ba bakinka ba, ba bakina ba."

Ya koma kan ɗan guntun saitin. Sai ya goge layi na uku ya rubuta wani. Ya ce yanzu ko wasali ne ya saɓa sai ta tsaya. Ya fita ya sami Kawu a zaure, ina jinsa yana ɗaga murya yana cewa an yi kuskure wajen haɗi, sai an sake gwadawa a gaban Gwaggo. Kawu ya ce ai dama ya yi mamaki, tun suna yara ƙanwarsa ba ta taɓa yarda da shi a kan komai ba har ƙarshe.

Washegari da sassafe aka naɗe injin a bargo, aka ɗora shi a bayan tsohuwar motar Kawu tare da janareta, sai Kalgo. Na sa aka kai janaretan can bayan rumbu, aka ja doguwar waya, don wannan karon ina so kowa ya ji kowa. Muka jingina Inna da matashi. Kawu ya zauna a kan buzu kusa da ita, ya sa tabarau. Fuskar injin ta rabu biyu, Gwandu a hagu, Kalgo a dama.

Ba a yi nisa ba ta tsaya. Kawu ya karanta na hagu, gero. Ya karanta na dama, maiwa. Ya dubi Inna. Ta ɗaga hannunta mai lafiya da ƙyar ta nuna shi.

Kawu ya ce, "A'a, a ji naki."

Amsar da aka yi damina guda ana jira ke nan. Ya ce in nata ne daidai ta bugi tabarma. Ta sauke hannun, ta buga. Ya yi dariya ya ce shi ma yana tuna tsohon da maiwa, mai kwafin ne ya yi gaggawa. Aka sa maiwa a layi, gero a gefe. Haka aka yi ta tafiya. Wani wuri ta buga, wani wuri ta girgiza kai ta bar masa. A baitin masunta har gardama suka yi, shi da baki ita da tafin hannu, ita ta ci. Aka yi azahar aka dawo. Ni dai ina tsugune a bakin ƙofa, ina kallon yadda rana ke karkata, ina tsoron kada ya nemi takalmansa kafin a kai ƙarshe.

Aka kai salati. Kawu ya shafa, ya fara cire tabarau. Taubashin ya ce, "Baba, da saura. Ta tsaya."

Hagu babu komai, fari fat. Dama layi huɗu. Kawu ya maida tabarau, kuma da yake tun safe da ƙarfi yake karanta komai, da ƙarfi ya fara:

*Na aje ido ga hanyar Gwandu, ban gan shi ba,*
*Gulbi na yac ci hanya, ba ƙin tahowa yay yi ba.*

Ya matsa kusa da injin kamar rubutun ne ya yi ƙanana, ya ƙarasa a hankali:

*Ku ce ma wancan da ban taɓa kiran sunanai ba,*
*Ban taɓa kai goshi ƙasa ban sa shi ciki ba.*

Daga bayan rumbu ana jin janareta can ƙasa-ƙasa, 'yar alamar nan ta injin tana ta ƙyaftawa tana jiran a zaɓa. Kawu bai dubi kowa ba. Ya ce, "Da bakinai yah hwaɗi?"

Inna ta bugi tabarma.

"Nan ɗakin?"

Ta sake bugawa. Hawaye na bin gefen fuskarta da ya mutu, ba ta iya sharewa. Kawu ya kai hannun rigarsa ya share mata, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Sannan ya ce da ɗansa, ba tare da ya waiwaya ba, "Wanga ba gehe za a sa shi ba. Kuma kak ka ƙara barin ƙarhe shi yi muna kara."

Taubashin ya danna na dama. Ban ba shi haƙuri ba, har yau kuwa. Ba a ba taubashi haƙuri, kuma rabin zargina yana nan daram.

Ladan ya kira la'asar, rana ta karkata sosai. Na tashi bisa sabo na ɗauko takalman Kawu na juya masa su a bakin ƙofa. Ya dube su, ya dube ni. Ya ce in mayar da su, in gaya wa yaran gida su share masa zaure su sa tabarma, yau a Kalgo zai kwana.